Shin Wahala Ce Ke Yin Marubuci?

Ko wahala gyara mutum take yi ko karya shi, tsohuwar muhawara ce tsakanin malaman addini da masana falsafa. Masu cewa gyarawa take yi sukan kafa hujja da rayuwar marubuta labari, kuma ba wanda suka fi ambata kamar Fyodor Dostoyevsky na ƙasar Rasha.

A watan Afrilun 1849 aka kama shi saboda halartar zaman wasu matasa masu karanta rubuce-rubucen da hukuma ta haramta. Ranar 22 ga Disamba aka fito da su dandalin Semyonov a birnin St. Petersburg, aka karanta musu hukuncin kisa, aka ɗaure ukun farko a turaku, sojoji suka saita bindigogi. A nan ne aka sanar da cewa Sarki Nicholas na Ɗaya ya sassauta hukuncin. Ashe tun farko an shirya abin ne don a razana su. Dostoyevsky ya yi shekara huɗu a kurkukun Omsk da ke Siberiya, da mari a ƙafa, ba littafin da aka bar masa sai Linjila. Ya fito da imani mai ƙarfi, amma imanin da ya san shakka ciki da bai.

Wannan tabo bai bar alƙalaminsa ba. A littafinsa na 1869, jarumin littafin, Yarima Myshkin, yana ba da labarin 'yan mintocin ƙarshe na wanda ke jiran harsashi, yadda yake rarraba su kamar wata dukiya. A 'Yan'uwan Karamazov kuwa, wanda ya rubuta bayan rasuwar ɗansa mai kusan shekara uku a 1878, ya sa wa Ivan, ɗaya daga cikin 'yan'uwan, hujja mafi nauyi a baki: cewa ba wata sakayya da za ta biya azabtar da yaro marar laifi. Mai imani ne ya rubuta hujjar mai shakka, kuma bai rage mata kaifi ba. A nan girman littafin yake.

Sai dai kuskure ne a ce wahalar ce ta ba shi baiwa. Tun 1846 ya yi suna da littafinsa na farko. Abin da kurkuku ya ba shi tambaya ce, wadda ya kwana da ita har mutuwa. Wani kuwa karya shi wahalar ta yi: Nikolai Grigoriev, ɗaya daga cikin ukun da aka ɗaure a dandalin Semyonov, hankalinsa ne ya gushe.

Yaƙi ma yakan rufe bakin marubuci. Chinua Achebe ya fitar da littattafan labari huɗu daga 1958 zuwa 1966. Yaƙin basasar Nijeriya ya ci amininsa Christopher Okigbo, bam ya faɗa gidansa a Enugu, sai ya koma ga waƙoƙi da gajerun labarai. Littafin labarinsa na biyar bai fito ba sai 1987, shekara 21 bayan na huɗu.