Karen Lambu: Ƙazanta Ne Ko Amana?

 

Na san wata daga ganin kan wannan rubutu za ta taɓe baki ta ce, "Yanzu duk abubuwan da ke damun mata a rasa na magana sai kare?" Ki yi haƙuri ki biyo ni, 'yar'uwa. Maganar kare ce, amma a cikinta akwai lafiyar 'ya'yanki, akwai tarbiyyarsu, akwai kuma hisabin da za ki tarar gobe kiyama.

Duk wadda ta san ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta san cewa tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noma ya daina zama na damina kaɗai. Ruwa yana bin manyan magudanai ya ratsa Kadawa da ƙauyukan kewaye, ana shinkafa da alkama da masara, ana tumatir da albasa, rani da damina gona ba ta hutawa. To, inda amfani yake kwana a fili, ga injin ban-ruwa, ga buhunan taki, dole maigida ya nemi mai gadi. Shi ya sa gidaje da yawa suke da kare. Galibi kuwa ba irin manyan karnukan Turawa ba ne, 'yan ƙanana ne, ruwa biyu, waɗanda yaro zai tsinto a bakin lambu ko a roƙo a gidan maƙwabta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani a gidan wata ƙanwar mahaifiyata a wajen Bunkure. Ɗanta ya zo da ɗan kwikwiyo, aka ɗaure shi da guntuwar sarƙa a bayan zaure, inda rana ke dukansa tun hantsi. Abinci sai wanda ya tuna da shi, ruwa kuwa a wani fasasshen kasko. Yara in sun taso daga makarantar allo sai su tsaya suna jifansa don su ji kukansa. Da na ce, "Inna, wannan dabba ai tana wahala," sai ta ce, "Ke dai, kare ne fa, najasa." Bai cika shekara ba ya zama abin tsoro, kowa ya gifta sai ya zabura. Ranar da sarƙar ta tsinke, jikanyarta 'yar shekara biyar ya fara samu, ya cije ta a ƙafa. Allah Ya taƙaita, amma an sha zirga-zirgar asibiti, an kashe kuɗin da ya fi na ciyar da karen shekara guda. Mazan gidan suka kashe shi, kowa yana cewa mugun kare ne. Ni kuwa tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: shi ne mugu, ko mu muka mayar da shi haka?

Me addini ya ce?

Bari mu fara da iyakar da shari'a ta gindaya, kada wata ta zaci kira nake a rungumi kare a kwana da shi a gado kamar yadda ake yi a Amurka da Ingila. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron shuka ba, ana rage masa lada kowace rana, sun kuma nuna cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Don haka ajiye shi don ado ko gasa babu shi a tsarinmu. Amma ki lura, tsaron shuka yana cikin abin da aka yi rangwame a kai, kuma shi ne halin mutanen lambu. Malamai da yawa sun haɗa da tsaron gida idan akwai tsoron ɓarayi. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye.

Sai maganar najasa. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, wato bauta. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne, kuma saɓani ne na malamai da ya kamata a girmama. Amma ko a wajen waɗanda suka ce najasa ne, babu wanda ya ce najasa tana halatta zalunci. Najasa hukuncin tsarki ce, ruwa yana kawar da ita. Zalunci kuwa haƙƙi ne, ruwa ba ya wanke shi.

Ki tuna labarin matar banzan nan da Allah Ya gafarta mata saboda ta ɗebo ruwa da takalminta ta shayar da kare mai ƙishirwa. Ki tuna kuma ɗaya matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Dukansu biyu mata ne, 'yar'uwa. To, mene ne bambancin kyanwar da aka kulle da karen da aka ɗaure a rana aka manta da shi? Wanda bai ajiye kare ba, babu laifi a kansa. Amma daga ranar da aka sa masa igiya a wuya, an hana shi nema wa kansa, cinsa da shansa da inuwarsa sun koma wuyan mutanen gidan.

Horo ma haƙƙi ne

Da yawa muna ganin in an jefa wa kare ƙanzo an gama. A'a. A aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida, Allah Ya halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, Ya kuma danganta wannan horo da ilimin da Shi Ya sanar da ɗan Adam. Malaman fiƙihu suka ce alamar horarren kare ita ce in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Kin ga ke nan horar da kare ba baƙon abu ba ne a Musulunci, maharbanmu ma sun daɗe da saninsa. Karen da bai san kira ba, bai san "bari" ba, ba mai gadi ba ne, haɗari ne aka ajiye a ƙofar gida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likitocin dabbobi sun tabbatar cewa daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na rayuwar kwikwiyo ne lokacin da yake sabawa da duniya. Abin da ya gani a lokacin cikin kwanciyar hankali ba zai tsorata shi ba in ya girma, abin da bai saba da shi ba kuwa yakan zame masa abokin gaba. Saboda haka a bar shi ya ga awaki da kaji, ya ji ƙarar injin ban-ruwa da babur, ya ga shanun Fulani suna wucewa, ya ga mata masu tsinkar tumatir da yara masu kai abinci gona, ba tare da an jefe shi ko an razana shi ba. Yawancin cizo daga tsoro yake fitowa, ba daga jarumta ba.

Koyarwar kanta ba ta da wuya. Minti biyar zuwa goma sun isa, safe da yamma. A zaɓi kalma ɗaya ga kowane abu, "zo", "zauna", "bari", kowa a gidan ya riƙe ta. In ya yi daidai a ba shi ɗan abin taɓawa nan take, don ya haɗa aikin da ladan. Duka ba ya koya masa komai sai tsoron hannun mutum, kuma wanda ke tsoron hannu wata rana zai kai masa cizo. Sannan yana buƙatar motsa jiki. Maigida ko babban yaro in zai zaga lambu da sassafe ko bayan la'asar, ya tafi da shi, ya yi gudu a gefen magudana, ya shinshina, ya san iyakar gonar da aka ce ya tsare. Ta yaya zai tsare wurin da bai taɓa zagawa ba? In ɗaurewar ta zama dole, to a yi ta a inuwa, da doguwar igiya, kuma na ɗan lokaci.

Ina naki a ciki?

Za ki ce ke ba kya zuwa lambu. Gaskiya ne, amma tukunya a hannunki take, yara kuma a gabanki suke tashi. Ki ware masa kwanonsa daban da na gida, ki sa a riƙa zuba masa ruwa mai kyau, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi kan kai maki 40. Ki sani albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, don haka ragowar miyar da suka yi yawa a ciki ba alheri ba ce gare shi. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke shi a hanji. Ki ja kunnen yara kada su zuba masa ruwa a galan ko robar maganin feshi, kada kuma a bar shi ya sha daga inda aka wanke injin feshi. A duba masa kaska, a ba shi maganin tsutsar ciki, wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu kafin cin abinci.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Amma yana da rigakafi. Ana yi wa kwikwiyo allura tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara, kuma ko a nan gida cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura. Ki matsa wa maigida da lalama har ya kai shi. In kuwa kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Kada a tsaya shafe-shafen gargajiya, kada a ce ai ciwon ƙarami ne. Ki koya wa yara kada su kusanci kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya mai jego, kuma in baƙon kare ya tunkaro su tsaya cik, kada su ruga.

Abin da yaro ke koya

Wannan shi ne ya fi damuna. Yaron da ya jefi kare, kare ya yi kuka, manya suka yi dariya, ya koyi darasi: cewa wanda ba shi da mai tsaya masa, wahalarsa abin wasa ce. Kada ki yi zaton darasin zai tsaya a kan kare. Gobe almajiri ne, jibi ƙanwarsa, wata rana matarsa. Haka kuma yaron da kika ce wa, "Je ka duba ko akwai ruwa a kwanon karen nan, Allah Yana ganinmu," kin dasa masa tausayi da riƙon amana ba tare da doguwar nasiha ba. Mukan kashe kuɗi mu kai yara Islamiyya su haddace hadisin rahama, sannan su dawo su tarar da akasinsa a ƙofar gida. Wanne kike jin zai fi zama a zuciyarsu?

Don haka, uwargida, kafin a kawo kwikwiyo gidanki, ku zauna da maigida ku tambayi kanku: akwai buƙatar da shari'a ta yarda da ita? Akwai mai ciyar da shi, mai fita da shi, da kuɗin allura? In babu, barinsa shi ne tsoron Allah. In kuwa yana nan a ɗaure a bayan zaurenki yanzu haka, to ki aika a dubo shi kafin ki ajiye wannan mujalla. Wataƙila kwanon ruwan nan da kika raina shi ne zai tsaya miki ranar da kowa ke neman abin tsira.

Allah Ya sa mu zama masu tausayin bayinSa, masu magana da marasa magana, Ya shirya mana zuri'a, Ya yafe mana haƙƙoƙin da muka ɗauka a cikin rashin sani. Amin.