Takalmin Kurtu

Ko ba kaki a jikinsa, da wuya soja ya ɓuya a tashar mota. Kowa ya sami abin jingina, shi yana tsaye cak a kan ƙafafunsa biyu. Jakarsa ɗaya ce, kuma ya san inda komai yake a cikinta, ba sai ya zazzage ba. Idan ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya a tashi, sauran fasinjoji sun san zance ne kawai, shi kuwa sai ka ga yana duba agogo, ransa na ɓaci da gaske. Sannan ka dubi ƙafarsa. Ko silifas ne, a wanke yake tas.

Wanda bai sani ba zai ɗauka bindiga ce ke mayar da yaro soja. Zauna da waɗanda suka fito daga Daffo, inda ake horar da kurata, ka ji abin da ya tsaya musu a rai: aski, gudun asuba, ninkin bargo, gugar takalmi. Sai hira ta yi nisa kafin bindiga ta shigo.

Daffon sojojin ƙasa na Zariya yana nan tun 1924, kuma yau yana cikin Barikin Chindit, sunan da aka aro daga rundunar da ta yaƙi Japanawa a dazuzzukan Bama, wadda bataliyoyin Nijeriya suka shiga cikinta a 1944. Horon kurtu kusan wata shida ne. Yawancin waɗanda ake ɗauka 'yan shekara 18 zuwa 22 ne, masu sana'ar hannu kaɗai ake ɗaga wa ƙafa kaɗan. Ba banza aka tsayar da shekarun a nan ba, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magidancin da ya saba a durƙusa a gaishe shi ba zai yi tsallen kwaɗo don kofur ya ce ya yi ba.

Abin da ake fara yi wa sabon zuwa shi ne a raba shi da duk abin da yake taƙama da shi. Askin gayun da ya ɓata sa'a guda gaban madubin mai aski, cikin minti biyu ya koma tal kwabo. A karɓe kayan gida, a raba shi da waya, a ba shi kaya irin na kowa da lamba. Ɗan hakimi da ɗan mai gadin hakimin su tsaya a jere, ko uwayensu sai sun duba da kyau kafin su rabe su. Tafiya ma a hana shi, duk inda za shi sai da sassarfa. Barci ba ya isa, abinci a gaggauce, kuma ba minti ɗaya da zai ce wannan nawa ne. Mutumin da aka gajiyar haka ba ya da sauran ƙarfin gardama, kuma abin da ake nema ke nan a makonnin farko.

Daga nan sai takalmi. A ba yaro but mai taurin tsiya, a ce da safe ana son samanja ya ga fuskarsa a kan hancinsa. Ya zauna cikin dare da tsumma da man takalmi da ɗan ruwa a murfin gwangwani, yana murzawa a hankali, zagaye bayan zagaye. Gari na wayewa a tura shi cikin taɓo da takalmin nan. Da dare ya sake daga farko.

A ido wannan wahalar banza ce, kuma kurata da yawa haka suke ganinta. Amma wanda ya tsara ta ya san abin da yake yi. Jarumtaka ba ta dubuwa a layin safe, riƙon amana ma haka, ƙyallin takalmi kuwa ko daga nesa ana gani. Yaron da ya saba ba ya kwanciya sai ya gama da takalminsa, ko idonsa na rufewa, shi ne gobe ba zai kwanta ba sai ya kwance bindigarsa ya share, kuma shi ne ba zai gyangyaɗa ba idan aka bar shi gadi mutum talatin na barci bayansa. Ba a zaunar da shi ana yi masa wa'azin ladabi. Hannunsa da ƙafarsa ake kamawa, a maimaita, a maimaita, har zuciya ta gaji ta bi sahu.

Akwai kuma dabarar da ta fi wannan zafi. Idan takalmin mutum ɗaya bai yi ba, duk 'yan ɗakinsu ne za su sha gwale-gwale. Makon farko haushinsa suke ji, har a yi masa barazana cikin duhu. Kafin wata ya zagayo sai ka tarar wanda ya iya guga ya jawo takalmin raggon yana goge masa, wani ya karɓi bargonsa yana ninkewa. Ba ƙauna ta kawo wannan ba, tsoron tsallen kwaɗo ne, amma ƙaunar tana zuwa daga baya, kuma tana daɗewa. Shi ya sa za ka ga dattijo Bakatsine ya yi tafiyar kwana guda zuwa Binuwai jana'izar wani Kirista, a tambaye shi, ya ce ai tare suka yi Daffo, ya ɗauka ya gama bayani.

Wannan haɗa kan ba sabo ba ne a barikin ƙasar nan. Rundunar sojojin ƙasa tana ƙirga asalinta daga 1863, lokacin da Laftanar John Glover ya tara mutum 18 a Legas, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Shekaru da dama bayan nan Hausa ce harshen bariki, da ita Tibi da Bachama da Badakkare da Babarbare ke magana da juna, hafsoshin Turawa ma sai da suka koye ta.

Fareti shi ma yana nasa aikin a ɓoye. Babu wanda ke zuwa fagen fama yau a jere yana buga ƙafa, amma babu rundunar da ta daina koyar da shi. William McNeill, masanin tarihi ɗan Amurka, an ɗauke shi soja a 1941, ya sha fareti cikin ƙurar Texas, ya kuma ce abin da ya ba shi mamaki shi ne wani daɗi da yake ji idan ƙafafu suka sauka tare, kamar ya fi girman jikinsa. Bayan fiye da shekara hamsin, a 1995, ya rubuta littafi sukutum a kan haka. Bahaushen da ya taɓa shiga gayya bai buƙatar littafin. Idan mai gangar noma ya saki kiɗa, garemani ashirin suka sauka lokaci guda, kowa yakan yi aikin da ba zai iya rabinsa ba in shi kaɗai ne a gonarsa.

Wani yaro a layinmu, wanda a da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, ya dawo hutu bayan faretin yaye su. Tun kafin kiran assalatu ya tashi, ya share tsakar gida, ya ninke tabarmarsa ya jingine. Da aka kawo tuwo da daddare, kafin a gama zuba wa yara miya ya suɗe kwanonsa. Mahaifiyarsa ta bi shi da kallo ta ce, "Kai kuwa wa ke korar ka?" Ya ce, "Inna, sabo ne." Murna take, ana gani. Kwana biyu bayan nan ya aiki ƙanensa sayen sabulu, yaron ya tsaya kallon ƙwallo. Da ya dawo, yayan bai ɗaga murya ba, ya ce kawai ya kama kunnuwansa ya fara tsalle daga bakin rijiya zuwa ƙofar ɗaki. Yaron na kuka yana yi. Sai muryar mahaifinsu ta fito daga zaure: "Kai, soja! Nan gidana ne, ba bariki ba." Ya ƙame nan take ya ce, "Tuba nake, Baba." Amma fuskarsa ta nuna bai gane laifinsa ba. Shi a ganinsa alheri yake wa ƙanensa, don da wannan aka gyara shi.

Sharar asuba da tsallen kwaɗon nan a ƙunshi ɗaya suka zo, kuma ban ga yadda za a karɓi ɗaya a mayar da ɗaya ba. Wani bincike da Joshua Jackson da abokan aikinsa suka fitar a 2012 ya bi samarin Jamus tun daga ƙarshen sakandare, lokacin da ƙasar ke da hidimar dole: wasu sun shiga soja, wasu sun zaɓi aiki a wurare irin su asibitoci da gidajen tsofaffi. Waɗanda suka zaɓi soja tun asali sun ɗan fi sauran taurin rai. Bayan horo tazarar ta ƙaru ta fuskar sauƙin kai da lallashi da jin tausayi, kuma shekara biyar bayan nan, suna jami'a ko wurin aiki, ba ta rufe ba. Waɗannan fa ba su je yaƙi ba.

Bai kamata abin ya ba da mamaki ba, don ƙarshen duk wannan shiri shi ne mutum ya iya harbin ɗan Adam idan an ce ya harba. A 1947 S.L.A. Marshall ya yi iƙirarin cewa a Yaƙin Duniya na Biyu bai wuce ɗaya cikin huɗu na sojojin Amurka da ke bakin daga suka harba makamansu ba. Masana tarihi sun yi ta jayayya da lissafinsa, amma daga baya an sauya abin da ake koyon harbi a kai, daga zagayayyen allo zuwa siffar mutum da ke tasowa farat ɗaya ta faɗi in an same ta. Nan ma ƙaramin abu aka taɓa don a rage tazarar da ke tsakanin gani da jan kunama. A bariki cewa ake fara bi tukuna, ƙorafi daga baya. A bakin daga wannan na ceton rai. A shingen bincike kuwa, inda direba ya yi kuskuren tambayar dalili, shi ne ke sa a ga magidanci na birgima a kwata gaban iyalinsa, saboda a idon wanda ya sha Daffo duk mai tambayar dalili farar hular banza ne da bai san komai ba.

Iyayen da ke cewa a kai gagararren yaro soja a gyara shi suna da rabin gaskiya. Zai dawo yana tashi da wuri, yana cika alkawarin lokaci, yana jure yunwa. Amma Bahaushe da ya ce hali zanen dutse bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Mai haƙuri yakan fito da haƙuri mai tsari, azzalumi kuma ya fito da zalunci mai tsari, ga ƙarfi ga kaki. Wata shida ba sa tono abin da gida ya kasa shukawa a shekara goma sha takwas.

Abin da ya fi damuna shi ne komawa rayuwar farar hula. Akwai cibiya a Oshodi da ke Legas inda ake kai sojojin da suka kusa ritaya su yi watanni suna koyon kiwon kaji, ɗinki, kafinta da makamantansu, kuma abu ne mai amfani. Sana'a ake koya musu. Yadda mutum zai zauna a taron unguwa matashi ya katse masa magana bai ji kamar an zage shi ba, ko ya ce a yi abu matarsa ta ce sai gobe ya haƙura, wannan galibi ana bar wa matar da 'ya'yan ne, su da ba a taɓa ba su ko horon kwana ɗaya a kai ba.