Hukuncin Waɗanda Suka Taru Suka Kashe Ɓarawo

Tambaya: An kama ɓarawon babur a unguwarmu, matasa suka rufe shi da duka har ya cika. Hujjarsu wai in an miƙa shi ga hukuma gobe za a gan shi yana yawo, kuma wai Malikiyya sun ce jama'ar Musulmi tana tsayawa a madadin alƙali. Shin akwai alhaki a kansu?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, wannan kisan kai ne, kuma jinin yana wuyansu.

Shari'a ta halatta a cutar da jikin mai laifi ne don tsawatarwa, da kuma kankare masa zunubi kamar yadda hadisin Ubada ɗan Samit ya nuna, ko da yake Hanafiyya sun ce sai ya haɗa da tuba. Huce haushi ba ya cikin dalilan. Haddin sata ma yanke hannu ne, shi ma sai kayan sun kai rubu'in dinari ko dirhami uku, an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, an sami iƙirari ko adilai biyu, kuma babu shubuha. Sayyidina Umar bai yanke hannu ba a shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira. A cikin matasan, wa ya tsaya ya tambayi wanda aka kama komai?

Maganar jama'ar Musulmi kuwa tana nan a littattafanmu, amma an ɗora ta a inda ba gurbinta ba. Malamai sun kawo ta a mas'aloli irin na matar da mijinta ya ɓata, a garin da babu alƙali, kuma adilai suke nufi, masu zama su bincika. Taron da ihun "ɓarawo!" ya tara ba shi ne ba. Tsayar da haddi na shugaba ne ko wanda ya wakilta. Ban musa cewa ana sakin ɓarayi don cin hanci ba, kuma mai sakin zai amsa a gaban Allah. Sai dai sakacinsa bai naɗa kowa alƙali ba. Da an buɗe wannan ƙofa, duk mai jin haushin wani ihu kawai zai yi masa a kasuwa.

Kada yawansu ya ruɗe su. A cikin Muwaɗɗa, Umar ya kashe jama'a saboda mutum ɗaya, kuma a wurin Malik wanda ya riƙe mutum don a kashe shi, shi ma ana kashe shi. Masu zuga da masu ɗaukar hoto a waya su ma su ji tsoron Allah.

Wajibinsu su tuba, su miƙa kansu ga kotu. Ƙisasi ko yafiya haƙƙin magadan mamacin ne. Allah ne Mafi sani.