Alherin Wanda Ba Addininmu Ɗaya Ba: Mene Ne Haƙƙinsa A Kanmu?

 

Ya ku ƴan'uwa, mas'alar da muke son dubawa a wannan fitowa ita ce: idan muka ga mutumin da ba addininmu ɗaya ba ya aikata alheri bayyananne, wanda ya ci masa dukiya da ƙarfin jiki, me ya wajaba a kanmu game da shi? Mu yaba, ko mu kawar da kai, ko kuwa mu shiga neman wata ɓoyayyiyar manufa a bayan aikin? Domin kada magana ta tsaya a sama, za mu ɗaure ta da wani misali na zahiri daga ƙasar Amurka.

ABIN DA YAKE FARUWA A CAN

A gaɓar tekun kudu da gabashin Amurka, daga farkon watan Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba lokaci ne na mahaukaciyar guguwar teku. Tana tasowa ne a kan ruwan teku mai ɗumi, gudun iskarta ya kai kilomita 119 a sa'a guda ko ma ya ninka haka, sannan ta turo ruwan teku zuwa cikin garuruwa. Ranar 29 ga watan Agusta na shekarar 2005 wadda aka sa wa suna Katrina ta afka wa jihohin Luwiziyana da Misisifi. Ganuwar da ke tare ruwa ta ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin Niyu Orliyans ya nutse, mutane fiye da 1,300 suka rasa rayukansu. Bayanta an ga Harvey a birnin Hustan a 2017, an kuma ga Helene a 2024, wadda ruwanta ya kai ɓarna har cikin duwatsun jihar Karolina ta Arewa.

Mafi yawan gidajen can da katako ake kafa su, a lulluɓe bangon ciki da allunan filasta. Idan ruwa ya kwana a irin wannan gida, fumfuna takan kama bango, sai an kware shi an bar katako ya bushe kafin a sake lulluɓewa. Wannan aiki ne na watanni. Inshorar gida ta yau da kullum kuwa ba ta biyan ɓarnar ambaliya, kuma agajin gwamnati sau da yawa ba ya isar sake gini. Saboda haka bayan ƴan jarida sun naɗe kayansu, akan bar tsofaffi da naƙasassu da masu ƙaramin ƙarfi a gaban gidajen da ba su shiguwa.

A daidai wannan lokaci ne wasu ayari na Kirista masu aikin sa kai suke isowa. Galibinsu maza ne da matansu waɗanda suka yi ritaya. Suna zuwa da wata irin babbar mota wadda aka ƙera cikinta kamar ɗaki, da gado, da murhu, da makewayi, da tankin ruwa. Wata tana tafiya da kanta, wata kuwa janta ake yi a bayan wata mota. Sai su sauka a filin wani coci ko wani sansani, su yi makonni suna kafa bango, suna sa ƙofofi, suna shafa fenti, ba tare da albashi ba, kuma su ke zuba wa motocinsu mai. Ƙungiyar Mennonite Disaster Service, wadda ta samo asali a jihar Kansas a 1950, tana da sashe na masu irin waɗannan motoci. Mabiya cocin Metodis suna da tasu mai suna NOMADS, wadda ta fara a jihar Teksas a 1988, inda akan shirya aiki na makonni uku uku. Haka nan ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda aka kafa a 1976, tana da nata matafiya, kuma ita ce tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter ya riƙa yi wa aikin kafinta daga 1984 har ya haura shekara 90, kafin rasuwarsa a 2024.

Akwai hikima a cikin wannan mota da ya kamata mu lura da ita. A garin da gidaje suka rushe, baƙo nauyi ne ko da taimako ya kawo, domin yana bukatar makwanci da abinci, waɗanda su ne ainihin abin da masu garin suka rasa. Wanda ya zo da ɗakinsa da tukunyarsa bai rage wa mai masifa komai ba.

LAHIRA DA DUNIYA

To, me za mu ce game da wannan aiki? Wasu daga cikinmu sukan yanke magana da cewa aikin da babu imani a ƙarƙashinsa ba shi da wani nauyi, saboda haka babu abin tattaunawa. A nan an cakuɗa tambayoyi biyu ne waɗanda magabata suka rarrabe. Ta farko ita ce matsayin aiki a wurin Allah ranar sakamako. Ta biyu ita ce haƙƙin mai aikin a kan mutanen da suka gani ko suka amfana.

Tarihin Abdullahi ɗan Jud'an ya isa ya nuna wannan bambanci. Mutum ne mai ciyarwa da sada zumunci a Makka, ya kuma mutu kafin aiko Annabi (SAW). Da Nana A'isha ta yi tambaya ko ayyukansa za su amfane shi a lahira, an ba ta amsa cewa ba za su amfane shi ba. Amma a gidan wannan mutum ɗin ne aka ƙulla yarjejeniyar Hilful Fudul ta tsaya wa wanda aka zalunta, wadda Annabi (SAW) ya halarta yana matashi, kuma bayan Musulunci ya ci gaba da ambatonta da yabo. Haka kuma Muɗ'imu ɗan Adiyyu, wanda ya ba shi kariya ya shiga Makka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa. Muɗ'imu ya mutu a kan addinin mutanensa, duk da haka bayan yaƙin Badar Annabi (SAW) ya tuna masa wannan karamci a gaban jama'a. Kuma kada mu manta cewa hijirar farko ta sahabbai zuwa Habasha aka yi ta, ƙasar Kirista, saboda shaidar adalci da aka yi wa sarkinta Najjashi tun yana kan addininsa.

Abin da muka fahimta daga nan shi ne, hukuncin lahira yana hannun Mai ita, ba a kuma wakilta mu a kansa ba. Abin da aka ɗora mana shi ne shaidar gaskiya, kuma aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana mu barin adalci ko da a kan mutanen da muke ƙi, balle waɗanda ba su yi mana komai ba. Tsohuwar da aka gyara wa rufin ɗaki ta daina kwana cikin ruwa, wannan kuwa abu ne da ya tabbata ko wane ne ya buga ƙusar. Wanda ya ga haka ya ƙi kiransa alheri ya tauye shaida, kuma harshen da ya saba tauye shaida a kan na nesa ba zai daɗe ba zai tauye ta a kan na kusa.

TSORON DA KE DA DALILI

Akwai kuma masu cewa: ai wannan duk tarko ne, ana gina gida ne domin a sayi zuciyar mai gidan. Bai kamata a yi wa wannan magana dariya ba, domin tana da tushe. Bayan igiyar ruwan tsunami ta watan Disamba 2004, wata ƙungiyar mishan daga Amurka ta yi shelar za ta kwashi marayu Musulmi 300 daga lardin Aceh na Indunusiya ta rene su a gidan Kirista, sai da gwamnatin ƙasar ta hana. Wanda ruwa ya cinye wa gida ba ya cikin halin da zai iya cewa a'a, kuma duk wanda ya yi amfani da wannan rauni domin ya juya masa aƙida ya ci amanarsa.

Amma magani a nan shi ne a kafa ma'auni, a auna kowa da shi. Ma'aunin kuwa tambayoyi ne da ido yake iya ganin amsarsu. Shin ana zaɓen wanda za a taimaka bisa ga bukatarsa ko bisa ga addininsa? Shin an sa masa sharaɗin halartar wa'azi kafin a ɗaga guduma? Idan ya ce ba ya son a yi masa maganar addini, ana ƙarasa masa aikin da fara'a ɗaya? Su kansu masu agaji sun san da wannan hatsari. A 1994 ƙungiyar Red Cross da wasu manyan ƙungiyoyin agaji, har da na coci, sun amince da ƙa'idar cewa ba za a mai da agaji hanyar tallata siyasa ko addini ba, kuma Habitat for Humanity tana da rubutacciyar doka da ta hana sa irin wannan sharaɗi.

Mutumin da imaninsa ya tashe shi ya yi tafiyar kwanaki domin ya gyara gidan wanda bai sani ba, ba laifi ba ne don ya faɗi abin da ya tashe shi idan an tambaye shi. Mu ma idan mun ciyar, domin Allah muke ciyarwa, ba ma kuma ɓoye haka. Laifi yana farawa ne a inda kyauta ta zama ciniki. Wannan ma'auni kuwa yana hawa kanmu kamar yadda yake hawa kansu, tunda aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Lokacin ambaliyar Harvey masallatan Hustan sun buɗe ƙofofinsu ga duk wanda ruwa ya kora, ba a tambayi kowa addininsa a bakin ƙofa ba. Da wannan muke alfahari, saboda haka ba daidai ba ne mu ƙi ganin irinsa a hannun wasu.

Zargin zuciyar mutum ba tare da hujja ba abu ne mai sauƙi, kuma yana da wani daɗi mai hatsari: yana sauke wa mai zargin nauyin tambayar kansa abin da shi ya yi.

ABIN DA YA RAGE A KANMU

Wannan tambaya ba ta yi mana nisa ba. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe. Mun ga yadda aka tara hatsi da tabarmi da barguna a makonnin farko, Allah Ya saka wa waɗanda suka bayar. Amma ɗakin da ya faɗi ba ya tashi da buhun gero. Yana bukatar masu kwaɓa ƙasa, da masu buga tubali, da magina, a cikin rani, lokacin da labarin ya riga ya tsufa.

Abin da waɗancan tsofaffi suka gane shi ne, lokaci da sana'ar hannu dukiya ce da ake bayarwa kamar kuɗi, kuma shekarun da suka biyo bayan aje aiki ba na zaman jiran ajali ba ne kawai. Sun kuma gane cewa niyya mai kyau tana bukatar tsari: rajistar masu sana'a, da jerin gidajen da suka fi bukata, da ranar farawa da ranar gamawa. Mu kuwa ba baƙi ba ne ga asalin wannan aiki. Kakanninmu sun san gayya, sun kuma ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin sahun kowane masallacin Juma'a akwai magini da kafinta da mai walda da tsohon ma'aikacin gwamnati da ya iya lissafi da rubutu. Babu wanda ya ce sai mun sayi mota mai ɗaki. Tabarma da buta da ƙunshin gari sun ishi mutum kwana uku a ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi ba tare da ya zama nauyi ga masu masaukinsa ba. Abin da ya rage shi ne kwamitin masallaci ya rubuta sunaye tun kafin damina, ya san wa zai je ina, kuma a fara da gidan gwauruwa da maraya da tsoho, ba tare da tambayar ƙungiyarsa ko ɗariƙarsa ko addininsa ba.

Saboda haka amsar mas'alarmu ita ce: haƙƙin mai alheri a kanmu, ko wane ne shi, shi ne mu kira aikinsa da sunansa, mu gode idan mu aka yi wa, mu auna shi da ma'aunin da muka yarda a auna mu da shi, mu bar abin da ke cikin ƙirjinsa ga Masanin abin da ke cikin ƙiraza. Sannan idan aikin nasa ya tsone mana ido, to hanyar da aka buɗe mana ita ce rigegeniya zuwa ga alheri, mu riga shi isa ƙofar mabukaci.

Allah Ya kare mu daga masifun ruwa da iska, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri, Ya sa mu cikin masu adalci a magana da masu amfani ga mutane a aiki. Amin.