Wa Ya Ce Ta Tsufa?

Akwai wata gardama da samarinmu ba su gajiya da ita, ko a bakin shago, ko a gindin bishiya da maraice. Wannan ya ce iPhone ce sarauniyar wayoyi, wancan ya ce Android ta fi ta sakin hannu. Masu kwamfuta kuma sun rabu gida uku: 'yan Windows, 'yan Mac da 'yan Linux. Ba na ƙin wannan musu, gama hira ce, kuma akan ƙaru a cikinta. Amma akwai tambayar da ban cika jin ana yi ba: wa yake da ikon cewa kayan da ka saya da guminka sun tsufa?

A zamanin iyayenmu amsar ba ta da wuya. Fartanya tana tsufa ne ranar da maƙeri ya duba ya ce ba sauran ƙarfen da zai buga. Keken ɗinki yakan wuce daga uwa zuwa 'ya, muddin ana zuba masa mai. Tsufa abu ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa.

Yanzu ku dubi abin da ya faru ran 14 ga Oktoba, 2025. A ranar ce kamfanin Microsoft ya rufe wa'adin kula da Windows 10, manhajar da ya fitar a 2015, sai dai ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Magajiyarta, Windows 11, ba ta yarda da kowace kwamfuta ba: tana neman wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar inji ta baya-bayan nan. Saboda haka kwamfutoci masu ɗimbin yawa, waɗanda ba abin da ya fashe a jikinsu, suka kwana lafiya suka wayi gari tsofaffi. Daga nesa aka yanke musu hukunci, mai su kuwa ba a tambaye shi ba.

Kada mu yi saurin kiran wannan mugunta. Toshe ɓarakar da ɓarayin intanet ke bi aiki ne na kullum, masu yin sa kuma albashi suke ci. Shekara goma ba kwana goma ba ce. Haɗarin ma ba tatsuniya ba ne. A 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta afka wa kwamfutocin da ba a sabunta ba, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Wanda ya ce a bar tsohuwar manhaja a koma sabuwa yana da hujja.

Inda lamiri ke shigowa shi ne wajen faɗin gaskiya. A ƙarshen 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin wayoyinsa idan batirinsu ya gaji, domin kada su riƙa mutuwa ba zato. Dalilin yana da ma'ana. To, amma mai wayar bai sani ba. Yana ganin ta yi nauyi, sai ya ɗauka lokacin sayen sabuwa ya yi, alhali canjin batir kaɗai ya isa. A 2020 hukumomin Faransa suka ci kamfanin tarar Yuro miliyan 25, ba don ragin saurin ba, sai don shirun da ya yi.

Wannan shirun, 'yan'uwa, ba a Amurka kaɗai yake ba. Da yawa daga cikinmu kayan hannu muke saye. Kwamfutar da wani ofis a Turai ya sallama takan sauka a kasuwar Computer Village ta Ikeja, daga nan ta hau mota zuwa Kano, ko Kaduna, ko Jos. Uwa ta tara kuɗin adashi ta saya wa ɗanta ɗalibi. Mai shagon ya goge ta, ya kunna, ta yi haske. Ya san wa'adin manhajarta ya ƙare, bai ce komai ba. Bai yi ƙarya da baki ba, amma a ganina ya ci amanar wannan uwa, gama ta dogara ne ga sanin da yake da shi, wanda ita ba ta da shi. Da ya faɗa mata, da ta nemi ragi, ko ta sa a ɗora mata Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya soma a 1991. Kyauta ce, tana tafiya a kan tsofaffin injuna, ko da yake sai mutum ya yi haƙurin koyonta. (Masu yi wa Linux dariya da Android a aljihu ba su san a kan harsashinta aka gina wayarsu ba.)

Sai kuma namu laifin, mu masu gardama. Sau nawa yaro ya ajiye waya mai lafiya, ya ci bashi, ba don kamfani ya ce ta tsufa ba, sai don abokai sun yi masa ba'a? Dariyarmu ma tana tsufar da kaya, wani lokaci ta riga kamfanin. Abin da aka yar kuwa ba ya ɓacewa. A Agbogbloshie ta Accra, kafin a rushe wurin a 2021, samari ne, da yawansu daga arewacin Gana, suke ƙona wayoyin lantarki domin su cire jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin.

Tun Yunin 2025 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera wayoyi su ci gaba da sabunta manhaja shekara biyar aƙalla bayan sun daina sayar da samfurin, su kuma tanadi kayan gyara har shekara bakwai. Wannan doka ba ta iso kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ba. Mai saye a can, abin da yake da shi kawai shi ne maganar wanda ke tsaye bayan kanta.