Hali Zanen Dutse: Ina Matsayin Wanda Dutsensa Ya Tsage?

Masu iya magana sun ce hali zanen dutse ne, kuma da wannan ma'auni muke yanke wa mutane hukunci. Amma ina matsayin ɗan acaɓan Sabon Ikorodu ko Agege da ya faɗi ba hular kwano, ya bugi goshi, ya tashi daga jinya ya zama mafaɗaci, alhali da can an san shi da kunya?

Ilimin likitanci ya nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ne linzamin zuciya, mai tsara tunani da danne fushi. A shekarar 1848, a Amurka, sandan ƙarfe ya ratsa wannan sashe a kan Phineas Gage. Ya rayu, amma waɗanda suka san shi suka ce ya zama wani mutum dabam.

Ba sai an fasa kai ba ma. Wanda ya ga kisa da ƙone-ƙone, irin na rikicin kasuwar Mile 12 a watan Maris na 2016, sashen amigdala mai faɗakar da haɗari kan zauna masa a farke, har ƙarar rufe ƙofa ta razana shi. Haka kuma an sha ganin sashen hifokamfas, ma'ajiyar tunawa, ya ɗan tsuke ga masu daɗaɗɗen ciwon damuwa. Ke nan abin da muke kira ragwanci ko raunin tawakkali yana iya zama rauni a tsoka.

Shari'a ta ɗauke alhaki daga wanda hankalinsa ya gushe. Matsalarmu ita ce mutumin da ke tsakani, wanda yake salla yake ciniki, amma linzaminsa ya sassauta. Idan muka ce ba shi da laifi sam, mun zalunci matar da yake duka. Idan muka ɗora masa laifin duka, mun hukunta ciwo.

Mafita tana cikin wata baiwa ta ƙwaƙwalwa, wato tana sake ƙulla hanyoyinta idan ta sami magani da kulawa. A 1954, a Aro ta Abeokuta, Dokta Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauyawa tare da danginsu maimakon kulle su. Saboda haka alhakin ya rabu biyu. Nasa shi ne ya yarda da magani. Namu shi ne mu kare iyalinsa, mu raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba kafin mu kira shi mugu.