Sa'ad da Shirin Mutum Ya Rushe: Darasi daga Akila da Biriskilla

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-11, 24-26, Romawa 16:3-5
Ayar haddacewa: Karin Magana 16:9

Ran 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi. Mutane suka watse, waɗansu zuwa Yola, waɗansu suka haura duwatsu zuwa Kamaru da ƙafa. Aka rufe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, kasuwa ta tashi. A Kwarhi kuma aka fāɗa wa hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp, har shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. An ƙwato garin cikin Nuwamba, amma ɗalibi ya rasa zangon karatunsa, ɗan kasuwa ya rasa jarinsa. Tambayar da ta tsaya wa kowa ita ce, yanzu wane aiki zan kama? Ita ce kuma tambayar wanda aka sallama daga aiki, da wanda ya gama makaranta bai sami gurbi ba.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana miji da mata waɗanda suka sha irin wannan. Wajen shekara ta 49, Kalaudiyas Kaisar ya kori Yahudawa daga Roma. Akila da matarsa Biriskilla suka bar gida da masu ciniki, suka sauka a Korinti baƙi. Bari mu lura da abu uku.

1. Sun kama abin da ke hannunsu. Sana'arsu ɗinkin alfarwa ce, Kaisar kuwa bai iya ƙwace ta ba. Ba su zauna suna jiran ranar komawa Roma ba, gama zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ya ɗan'uwa, kafin ka tambayi abin da za ka zama, ƙidaya abin da ya rage maka: noma, ko ɗinki, ko koyarwa, ko gyaran inji. Kada takardar makaranta ta sa ka rena shi.

2. Ba su yi shawara su kaɗai ba. Bulus ya zo wurinsu domin sana'arsu ɗaya ce, suka yi aiki tare, ya zauna a Korinti shekara ɗaya da wata shida. A bakin aikin nan ne Ubangiji ya buɗe musu hanya. Wanda ya ɓuya a ɗaki saboda kunya ya toshe ƙofar da taimako zai shigo. Ka je wurin dattawan ikilisiya da masu sana'ar da ka ke so, ka tambaye su jarin da ta ke ci, da wahalarta, da lokacin da ta kan fara ciyad da mutum.

3. Sun bi matakin da ke gabansu kaɗai. Daga Korinti suka tafi Afisa, inda suka jawo Afolos gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Daga baya mun same su a Roma kuma, ikilisiya tana taruwa a gidansu. Ranar da aka kore su ba su san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Allah ya kan ba bawansa hasken taki ɗaya, sa'an nan ya ƙara. Saboda haka ka zaɓi aikin halal wanda zai ci da iyalinka bana, ka riƙe shi da aminci, ka bar wa Ubangiji baɗi.

Gari uku suka zauna, amma kiransu ɗaya ne, wato su bauta wa Almasihu da hannuwansu da gidansu. Wannan kira ba ya cikin abin da mutum ya ke bari a baya ranar gudu.

Tambayoyi
1. Me Akila da Biriskilla suka rasa, me kuma ya rage musu?
2. Wace sana'a ke hannunka wadda ka rena?
3. Wa za ka nemi shawararsa cikin makon nan?
4. Wane mai neman aiki ne ƙungiyarku za ta iya koya wa sana'a?

Addu'a
Ya Ubangiji, kai ne mai shirya sawayenmu. Ka tsare mu daga zaman banza da gaggawa, ka nuna mana aikin yau, ka ba mu ƙarfin yinsa. Cikin sunan Yesu. Amin.